Ɗanta ɗan Ghana ne, ita kuma baƙuwa: ina za a ajiye uwar?

A unguwar Nima da ke Accra akwai wata baiwar Allah da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu tun ina makarantar allo. Daga Dosso ta ƙasar Nijar aka kawo ta aure, mijin haifaffen Accra, kakansa ma nan aka binne shi. Bara ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ranar da babban ɗanta ya karɓo Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ta riƙe katin da hannun da ba mai, tana juya shi, sai ta ce da ni: "Ɗan nan, to ni fa? Ni 'yar ina ce?" Na ce, "Inna, ke ai tamu ce." Ta yi dariya ta zuba ƙullu a kasko. Ni da ita mun san wannan amsar ba ta wuce bakin layi.

'Ya'yanta ba su da matsala. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce duk wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. Ita ce a rataye. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta bai wa baƙo ba biza, ga Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ƙofar da doka ta buɗe a sarari ita ce ta aure: wadda ta auri ɗan ƙasa tana iya neman a yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. To amma mu a zango yaya muke aure? Liman, waliyyi, shaidu, sadaki, goro, a shafa fatiha. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajista cikin mako guda, ku ƙirga mini gida nawa suka yi. Miji ya mutu ko ya yi saki, mace ta waiwaya ba takarda ko ɗaya a hannunta, sai yara.

Ra'ayina shi ne yaran nan su kansu takarda ne. Uwa ko uban da ke riƙe da ƙaramin yaro ɗan Ghana, yana ci da shi yana kai shi makaranta, ya kamata doka ta ba shi izinin zama saboda yaron, a rubuce, ba sai ya dogara da tausayin jami'i ba.

Ba sabon abu na kawo ba. A 2011 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan wani ɗan Kolombiya, Ruiz Zambrano, wanda Beljiyam ta hana shi izinin zama da na aiki alhali 'ya'yansa biyu 'yan Beljiyam ne. Kotun ta ce idan ka kori uban, ka kori yaran ke nan, domin yaro ba ya zama shi kaɗai. Hujjar ke nan gaba ɗayanta, kuma ko a ƙarƙashin bishiyar unguwa aka kawo ta babu dattijon da zai musa. Ghana ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, dokarmu ta yara ta 1998 kuma ta ce kada a hana yaro tashi a gaban iyayensa. Me ya rage?

Na san abin da za a ce: baƙi za su mai da haihuwa tsani. Tsoron ba na banza ba ne, shi ya sa Ailan ta yi ƙuri'ar raba gardama a 2004 ta daina bai wa duk wanda aka haifa a ƙasarta zama ɗan ƙasa kai tsaye. Amma mu ba mu da wannan ƙofar tun farko. Baƙi biyu su haihu a Kumasi, ɗansu baƙo ne. Sai da jinin ɗan ƙasa. (Af, ga masu tara kuɗi don matansu su je Amurka su haihu: yaron zai sami fasfo, amma sai ya cika shekara 21 kafin ya iya nema wa iyayensa takardar zama. Tsani ne mai tsawon gaske.) Wanda kuma ya haifa ya gudu ya bar uwa da wahala, sai ya dawo da takardar haihuwa yana neman izini, a tambaye shi wace makaranta yaron yake. Riƙo ake dubawa.

Abin da ya sa nake matsawa shi ne 1969. A Nuwamban shekarar gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su fice, zango ya watse, aka sayar da gidaje da arha, aka tafi da yaran da ba su san wata ƙasa ba. A 1983 Najeriya ta rama, ta kori 'yan Ghana da sauran baƙi marasa takarda. Tsofaffinmu har yau idan aka zo wannan hira sai murya ta yi ƙasa. Babu wanda ke maganar kora irin ta 1969 a yanzu, shi ya sa yanzu ne lokacin da wakilan mazaɓun Ayawaso a Accra da Asawase a Kumasi za su kai maganar majalisa, tun ruwa bai kai wuya ba.

Inna dai tana nan bakin kasko. Autanta yana aji uku a firamare, kullum da safe ita ke ɗaure masa takalmi kafin ta hura wuta.