Ana warkewa daga BPD, ku daina yanke wa 'ya'yan mutane ƙauna

Na saurari sautin muryar nan da ke ta yawo a gurup-gurup tun shekaranjiya, har ƙarshe na saurara duk da zuciyata na tafasa, kuma abin da bawan Allahn nan ya yi zalunci ne, ba shi da wani suna. Ka samo takardar asibitin yarinya ta hanyar da kai kaɗai ka sani, ka karanta wa duniya, sannan ka gyara murya ka yanke hukunci wai duk macen da likita ya rubuta mata BPD, wato lalurar ƙwaƙwalwar nan da Turawa ke kira borderline personality disorder, ba ta warkewa har ta mutu, wai a guje ta, wai gidanka za ta tarwatsa. Daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Mile 12 babu gurup ɗin da abin bai shiga ba, har daga Alaba Rago an turo min. Yanzu ga shi an fasa auren, mahaifiyarta ko gidan suna ta daina zuwa, ita kuma yarinyar ta kashe waya. Malam, wa ya gaya maka ba a warkewa? Wa ya ba ka wannan fatawar?

Ana warkewa. Wallahi ana warkewa, kuma ba lallashi nake yi ba.

Da yawanku da kuka yi ta tura sautin ko abin da cutar take ba ku sani ba. Lalura ce ta yadda mutum yake ɗaukar abin da ya taɓa masa zuciya. Abin da ke zai ɓata miki rai na minti biyar ki manta, ita zai hana ta barci, in ta kira ki ba ki ɗauka ba sai ta tabbatar a ranta kin gaji da ita kin tafi kenan, tsoron a guje ta ya fi ƙarfinta, da safe ke ce mafi soyuwa a duniya da yamma ke ce maƙiyiyarta, ga jin kamar cikinta fanko ne, wasu har su yanki jikinsu don zafin zuciyar ya ragu. Alamomi 9 likitoci suke dubawa, sai mutum ya haɗa 5 kafin a ce yana da ita, kuma ba a waya ko a sautin murya ake dubawa ba. A 1980 ta shiga babban littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, kuma a wancan zamanin su kansu likitocin da yawa suna ganin ba ta jin magani. To su sun bar wannan tunanin tuntuni saboda sun bi marasa lafiyan sun gani da idonsu, mu ne nan muka ɗauko tsohon zance muna ta yaɗawa a WhatsApp.

Akwai wata masaniya Mary Zanarini a asibitin McLean kusa da Boston, ita da abokan aikinta suka ɗauki mutum 290 da aka kwantar saboda BPD, suka bi rayuwarsu shekara da shekaru. Bayan shekara 10, kashi 93 cikin 100 alamomin sun kwanta musu na aƙalla shekara biyu a jere. Kashi 93 fa jama'a, kuma waɗannan ba masu ɗan ƙaramin ciwo ba ne, waɗanda abin ya kai su ga gadon asibiti ne. Waɗanda kuma suka miƙe sosai, wato ban da kwanciyar alamomin suna riƙe da aiki ko karatu kuma suna da wani na kusa da suke zaman lafiya da shi, su kusan rabi ne. Na san wani zai kama wannan rabin ya ce kin gani ko. Eh na gani, kuma nan ne ma laifinku yake. Ciwon yana sauka, abin da yake wuya shi ne mutum ya samu aiki da mutanen da za su zauna da shi, su ne kuma abubuwa biyun da kuka ƙwace wa yarinyar nan cikin kwana biyu. Kun kore mata miji, kun sa duk mai shago a unguwa zai yi shakkar ɗaukarta, gobe ku dawo ku ce ai mun faɗa ba ta warkewa.

Matar da ta ƙirƙiro maganin da aka fi sani na wannan cuta, DBT, wato jinyar koya wa mutum dabarun sarrafa abin da ke taso masa a zuciya, sunanta Marsha Linehan, ta yi aikin farfesa a jami'ar Washington a Siyatil. A 2011 ta fito gaban jama'a ta faɗi abin da ta daɗe ba ta faɗa ba: ita kanta tana 'yar shekara 17, a 1961, an kulle ta a asibitin ƙwaƙwalwa sama da shekara biyu, tana yankar jikinta tana ƙona kanta da taba. Wannan yarinyar ce ta girma ta zama wadda likitocin duniya suke koyon aiki daga hannunta. Da a ce an bi shawarar mai sautin muryar nan a kanta, da tuni an rufe babinta.

Ba a littafi kawai na san abin ba. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, da izininta nake faɗa, ta sha wannan wahalar. Yau tana da shagon ɗinki da yara masu koyo a ƙarƙashinta. Ba ƙwaya ce ta warkar da ita ba, don babu wata ƙwaya da aka yi takanas saboda BPD, koyo ne, kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Na sha ganinta idan abin ya taso, hannunta na rawa, waya a hannu tana shirin tura saƙon da zai kashe zumuncin shekaru, sai ta ajiye wayar ta buɗe firij ta ɗauko fiya wata mai sanyi guda biyu ta ɗora a ido da kumatu ta riƙe numfashi, sanyin yana saukar da bugun zuciya, haka aka koya mata. Tana da ƙaramin littafi da take rubuta yadda ranar ta kasance kowane dare, me ya tayar mata, me ta yi, me ya kamata ta gwada. Ta koyi cewa Yaya ban ji daɗin abin da kika faɗa ba, maimakon ta yi wata guda ba ta min magana. Ba dare ɗaya aka yi ba, an yi faɗuwa an tashi, amma mutumin da ya san ta da can ba zai gane ta yanzu ba.

Ga kuma abin da babu wanda ya taɓo a duk cece-kucen nan, kuma shi ya fi damuna. Sai da aka yi nisa da jinya wata likita ta zaunar da Mamanmu ta ce a ba ta labarin yarintar ƙanwata, tun firamare. Mama ta fara lissafi: kullum sai an sayi sabon fensir, a aike ta abu uku ta dawo da ɗaya, a islamiyya ba ta iya zama sai an zane ta, magana tana fita kafin ta yi tunani, kai ga ƙwaƙwalwa amma jarrabawa ba ta nunawa. Aka gwada ta, ashe ADHD ne, wato lalurar rashin iya tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, a ƙasan komai tun tana ƙarama. Shi wannan ba wani abu ne da ke kama mutum da girma ba, yadda ƙwaƙwalwa ta ginu ne, shi ya sa likita sai ya tabbatar alamomin sun fara kafin shekara 12. Kuma haɗuwarsu da BPD ba baƙon abu ba ne, a Jamus a 2008 an duba mata 118 masu BPD aka samu kusan kashi 40 cikin 100 suna da alamomin ADHD tun yarinta.

Ku tsaya ku yi tunanin yaron da aka haifa haka a gidajenmu. Tun safe ana ce masa sakarai, mara ji, mai taurin kai, dabba. In ya yi kuka a ce shagwaɓa, in ya ce abu ya yi masa zafi a ce ƙarya yake. Shekara goma sha biyar ana gaya maka abin da kake ji a ranka ba gaskiya ba ne, ta yaya za ka girma ka yarda da kanka ko ka yarda wani zai zauna da kai? Abin da Linehan ta bayyana kenan, yaro mai saurin jin abu a zuciya ya haɗu da gidan da ba a gaskata shi. Kamar tukunyar da ke kan wuta tun asuba ce, itace ɗaya za ka ƙara ta yi ambaliya, sai kowa ya ce laifin itacen ƙarshe ne.

Otizim, wato ginin ƙwaƙwalwa da ke sa mu'amala da mutane da jure hayaniya su yi wa mutum wuya, shi ma haka, musamman a 'ya'ya mata. Yarinya takan koyi kwaikwayon ƙawayenta ta ɓoye abin da take fama da shi, mu kuma a ce mai kunya ce, mai tarbiyya. Sai ta girma, hayaniyar biki ko canjin tsari ba zato ya sa ta fashe da kuka da ihu, a kai ta asibiti a rubuta BPD, alhali ita ba tsoron a guje ta ne ya tayar mata ba, ƙara da haske da cunkoso ne suka fi ƙarfin kanta. Wasu suna da duka biyun, wasu kuma kuskuren suna aka yi musu. Shi ADHD da otizim ba a cire su daga mutum, ana koyon zama da su, ADHD har yana da magani da likita ke rubutawa, dan Allah ba na kemis ɗin bakin layi ba. Amma BPD ɗin da ya hau kai yana sauka. Ita yarinyar da kuka tozarta ma wa ya san me ke ƙarƙashin takardar tata? Kai da ka karanta layi ɗaya ka fi likitanta sani?

Masu cewa ai wasunsu suna azabtar da mazajensu, na ji, ba wanda ya ce a zauna ana cutuwa, amma masu lafiya ƙalau nawa ne suke azabtar da iyali ba takardar asibiti? Ita wadda ta kai kanta wurin likita ai ita ce ta ɗauki hanyar gyara. Masu cewa aljanu ne a yi ruƙiyya, ku yi addu'a, mu ma mun yi muna kan yi, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, to a bar mutane su nemi maganin. Masu cewa ciwon Turawa ne ba ni da lokacinku yau.

Kuma ku sani, ɗaukar bayanin lafiyar mutum a watsa ba ƙaramin abu ba ne. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai lalura yana da haƙƙi da mutunci a dokar ƙasa. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa, mu da muke Legas Allah ya taimake mu ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba a tsakiyar unguwar Hausawa, amma kun mayar da zuwa Yaba abin zagi. Mata nawa ne suka ji sautin nan suka fasa zuwa ganin likita a makon nan? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma rabin waɗanda suka turo min mata ne, abin ya ba ni kunya ƙwarai.