Jirgin Kaduna: kuna da lambar wayarmu, me ya hana ku yi mana magana?

Duk wanda ya yanki tikitin jirgin ƙasa tsakanin Kaduna da Abuja a 'yan shekarun nan ya san irin titsiyen da ake yi masa kafin a ba shi kujera. Cikakken suna, lambar waya, sannan tun da aka dawo da jirgin bayan harin 'yan bindiga, ranar 5 ga Disamba 2022, aka ƙara da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, ba ka shiga sai an san ko kai ɗan gidan wane ne. Ban ƙi ba. An ce don tsaro ne, kuma wanda ya san abin da ya faru a layin nan ba zai yi musu ba. Abin da ya kai ni bango shi ne, duk lambobin nan da aka tara, ranar da jirgi zai makara ko za a soke tafiyar ɗungurum, ba a samun bawan Allah ɗaya da zai danna waya ya turo mana layi biyu. Masu tallan waƙar kira suna samuna da tsakar dare. 'Yan siyasa suna samuna lokacin zaɓe, har da sunana a saƙon. Amma waɗanda na miƙa wa kuɗina da hannuna, su ne lambata ke ɓace wa.

Jirgi ƙarfe ne, zai lalace, wannan kowa ya sani. To amma ku dubi inda tashar take. Rigasa fa, can ƙarshen gari a ƙaramar hukumar Igabi. Mutumin Kawo ko Barnawa ko Sabon Tasha da ke son jirgin safe, yana idar da sallar asuba zai fito, ya yi ta cinikin keke a duhu, ya keta Bakin Ruwa, ya bi doguwar hanyar nan yana duba agogo. Ya iso yana haki, a duba jakarsa, a duba tikitinsa, ya zauna. Lokaci ya yi, shiru. Rabin awa, shiru. Lasifika na nan maƙale a bango, lafiyarta ƙalau, don an ji ta ɗazu tana gargaɗin kada a bar kaya a hanya. Amma a faɗa mana inda jirgin yake, wannan ya fi ƙarfinta.

Akwai wata safiya da wata dattijuwa ta zauna kusa da ni, riƙe da leda cike da takardun asibiti, gefen wani hoton ƙashi ya leƙo waje. Likita ya ba ta ƙarfe goma sha ɗaya a Abuja, layin da ta ce ta yi watanni tana jira. Ta juyo ta ce, "Ɗana, don Allah jirgin nan zai tashi kuwa?" Na ce, "Wallahi Mama, yadda kika gan ni haka nake, ban sani ba." Na tashi na tari wani ma'aikaci mai rigar aiki da rediyon hannu. Ko kallona bai yi sosai ba, ya ce, "Alhaji ku dai yi haƙuri, yana hanya." Wace hanya? Ya baro Kubwa ne? Yana Jere? Ko ma bai tashi daga tashar Idu ta Abuja ba? "Mu ma ba a gaya mana ba." Kuma na yarda da shi, shi ya sa abin ya fi ƙona min rai. An ajiye ƙaramin ma'aikaci a gaban ɗaruruwan mutane ya sha zagi, waɗanda suka san gaskiyar magana suna can cikin ofis da sanyin AC. Da a daren jiya aka turo wa baiwar Allah nan saƙo, da ta kama motar asuba ta isa asibitinta. Sai ga ta tana kiran 'yarta a waya tana cewa ta je ta roƙi nas kada a ba wani layinta.

Wannan na tasha ke nan, mai sauƙin. Mai munin shi ne na cikin daji.

Jirgi na tafiya, sai ka ji ya fara rage gudu, ya ja, ya ja, ya tsaya cak. Ba tasha, ba gari, ciyawa da bishiyoyi kawai hagu da dama. AC ta ɗauke, tagogi kuma ba irin waɗanda ake buɗewa ba ne. Sabis ɗin waya ya ɓace. A wata ƙasa wannan ɓacin lokaci ne kawai, a yi tsaki a ci gaba da hira. A layin Kaduna kuwa, kowa a taragon ya san ranar 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a kan dogo tsakanin Katari da Rijana, suka buɗe wa jirgin yamma wuta, suka kashe mutane, suka kora sama da 60 cikin daji. Rukunin ƙarshe na mutum 23 ba su ga gida ba sai ranar 5 ga Oktoba na shekarar. A Kaduna da wuya ka sami unguwar da ba ta san wani da ya san wani a jirgin nan ba. To ka tsayar da irin waɗannan mutane a daji, ka yi gum da bakinka. Na ga namiji babba ya sauke jakarsa daga sama ya rungume, bai san ma ya yi ba. Na ga mace ta tura yaranta ƙarƙashin kujera tana ta Hasbunallahu. Wani ya miƙe yana leƙen taga, na bayansa ya daka masa tsawa ya zauna kada a hango mu. Ashe jira ake wani jirgin ya wuce. Maganar da ba ta fi daƙiƙa goma ba a lasifika: jama'a ku kwantar da hankali, lafiya lau, hanya muke jira. Wanda ya hana mutane wannan kalma a wurin nan, ban san sunan da zan kira abin da ya yi ba in ba rashin imani ba.

Kuma ba tsoron banza mutane ke yi ba. Jirgin nan ya goce daga kan layi kusa da Kubwa a Janairun 2023. Ya sake yi a wajen Jere a Mayun 2024. Ranar 26 ga Agusta 2025 taragai suka kife a Asham, aka rufe layin sai farkon Oktoba. Mu da ke gida muna da 'yan'uwa a hanya, a WhatsApp da Facebook muka fara ganin bidiyon mutane na fitowa daga tarago, kowa na ƙara nasa gishirin, wannan ya ce hari ne, wancan ya ce an mutu. Inda masu abu suka yi shiru, ai masu jita-jita ne za su karɓe lasifikar.

Sai mu zo kan kuɗi, don nan ne cin fuskar ya cika. Lokacin da Shugaba Buhari ya buɗe layin nan mai tsawon kilomita 186 a Yulin 2016, ƙaramar kujera ba ta kai naira 1,000 ba. A Yulin 2020 da aka dawo daga kullen korona, aka sanar da naira 3,000 ƙarama, 5,000 ta tsakiya, 6,000 ta manya. Hujjar da aka kawo ita ce ba da tazara, wai za a rage yawan mutane a tarago. To, korona ta wuce, an koma cika tarago maƙil, kun taɓa jin an ce ga ragowar kuɗinku? Da aka dawo bayan harin, a Disambar 2022, sai aka ƙara: 3,600, 6,500, 9,000. Ma'aikacin da ke aiki a Abuja iyalinsa na Kaduna, irinmu da muke da yawa, in zai zo gida kowane ƙarshen mako a ƙaramar kujera, ko a wancan farashin aka tsaya, naira 28,800 ce a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne. Ban sa kuɗin keke zuwa Rigasa ba, ban sa na tasi daga Idu ko Kubwa zuwa cikin gari ba, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 wani lokacin yakan yi kafaɗa da kuɗin jirgin kansa.

Na san dizal ya yi tsada. Na san da bashin China aka gina layin kuma sai an biya. A ƙara kuɗin in ya zama dole, amma me aka ƙara mana? Tafiyar da muka saba yi cikin awa biyu da 'yan mintoci yanzu ka godewa Allah in ka yi ta a uku. Yawan zirga-zirga a rana ya ragu kan yadda yake kafin harin. Ban ɗaki kuwa, a bar maganar.

Tikitin ma samunsa wani yaƙi ne. An kawo sayarwa ta intanet a Janairun 2021, aka ce an gama da 'yan cuwa-cuwa. Ka zauna da wayarka kana jiran a buɗe, ka danna, abin ya yi ta juyi, kafin ya dawo hayyacinsa an ce kujeru sun ƙare. Ka je tasha ranar Juma'a ko Lahadi da yamma, tun daga wajen ajiye motoci wani yaro zai matso ya yi ƙasa da murya: "Yallaɓai, tikiti ne? Akwai, amma ka san yadda ake yi." A ina ya samo? Da NIN ɗin wa ya yanka? Sannan ka shiga jirgin da aka rantse maka ya cika, ka tarar da kujeru a jere babu kowa a kai. Wani lokacin kuma banki ya cire kuɗin, alat ya shigo, tikiti bai fito ba. Banki ya ce ka je wajen masu jirgi, masu jirgi su ce ka koma banki, kai kuma Litinin da safe ana jiranka a ofis.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin tsohuwar tashar Kaduna ta zamaninsu. Garin nan fa jirgi ne ya raine shi, dogo ya riga fadar gwamna zuwa, don tun 1911 layin ya ratsa nan ya wuce Kano, kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Ya ce jirgin da ma yakan makara, wani lokacin har a kwana a tasha. Amma akwai baƙin allo, akwai alli, kuma akwai mutumin da aikinsa ne ya fito ya rubuta cewa jirgin Kano zai yi latti awa kaza. Mutum ya karanta, ya tafi kasuwa ya ci abinci ya dawo. Yau kowa da waya a aljihu, an kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a kan layi, mun kasa yin abin da alli ya yi.

Sun san ba mu da mafita, shi ya sa. Hanyar mota ta Abuja tun 2018 ake gyaranta, shekara da shekaru mutane na shan ramuka da cunkoson tireloli, ga tarihin garkuwa da mutane a wajejen Rijana da Katari da ya sa manya da ƙanana suka gudo jirgi tun farko. Wanda ya san dole ka dawo wajensa gobe, me zai sa ya ɓata bakinsa ya yi maka bayani yau?

Abin da nake nema bai kai a kafa masa kwamiti ba. In an san da daddare cewa jirgin safe ba zai tashi a kan lokaci ba, a turo saƙo da daddaren. In jirgi ya tsaya a hanya, cikin minti biyar wani ya ɗauki makirfo ya faɗi dalili da Hausa da Turanci, ko da dalilin shi ne ana dubawa. In an soke tafiya, kuɗin mutum ya koma asusun da ya fito ba tare da ya rubuta takardar roƙo ba, tunda lokacin cirewa ba a nemi takarda ba. Sannan lambar da aka liƙa a bango aka rubuta a kira in akwai ƙorafi, ko a sa mutum ya riƙa ɗauka, ko a sa hannu a ɓanɓare takardar, a daina sa mu ƙona kati muna sauraron ƙararrawa.