Ba Kowane Dunƙulen Furotin Ne Cuta Ba

Abin yana damuna. Ɗaliban kimiyya da dama a nan Katsina sun ɗauka da zarar furotin ya dunƙule a cikin ƙwayar halitta, to cuta ta shiga. Suna da hujja, don a cutar ALS, mai kashe jijiyoyin motsi, ana samun dunƙulen furotin TDP-43, kamar yadda aka gano a 2006.

Sai dai lafiyayyar ƙwayar halitta ma tana dunƙule furotin, da gangan. Idan zafi ya tsananta ko bairos ya shigo, sai a liƙa wa furotin eIF2, mai taimakawa wajen fara ƙera furotin, sinadarin fosfet, ƙera yawancin furotin ya tsaya cak. RNA, wato saƙon da ake bi wajen ƙera furotin, da ya rasa aiki sai ya taru da furotin irin su G3BP1, su zama 'yan ɗigo masu kama da ruwa. Kamar mai hatsi ne a kasuwar Charanchi: hadari ya taso ya tattara buhunansa, gari ya washe ya sake bajewa. Ana cire fosfet ɗin, ɗigon ya watse, aiki ya ci gaba.

Matsalar tana ga ɗigon da ya ƙi watsewa ya daskare. Furotin FUS, alal misali, idan ya rasa sinadarin metil da ake liƙa masa, yakan fi saurin cuɗewa ya taurare.