Hamsta ya kwanta shiru ba yana nufin ba ya jin zafi ba

A tsakanin ɗaliban da ke koyon aikin dabbobi a Jos, akwai masu ɗauka cewa da zarar an yi wa hamsta, wani ɗan ƙaramin dangin ɓera, allurar sa barci ya daina motsi, to shi ke nan, a fara tiyata. Wannan kuskure ne, kuma dabbar ce ke shan azabarsa.

Maganin sa barci na ketamin shi kaɗai yana hana motsi, amma bai isa ya kashe zafin yanka ciki ba, jijiyoyin nama ma ba sa saki. Shi ya sa ake haɗa shi da zilazin, wani magani mai rage zafi da sa jijiyoyin nama su saki, a yi allurar ta cikin ciki, bayan an auna nauyin dabbar a sikeli. Ko da an haɗa, sai an gwada: a matse yatsan ƙafar baya. In ya janye ƙafar, barcin bai yi nisa ba, a dakata.

Abin da ya fi damuna sanyi ne. Hamsta bai wuce tafin hannu ba, kuma maganin na sa ɗumin jikinsa ya zube da sauri. A hunturun Jos ko Vom, wanda aka bari a kan teburin ƙarfe zai iya mutuwa bayan an gama aiki lafiya. A shimfiɗa masa abin ɗumi, a shafa man ido domin idanunsa a buɗe suke, a kuma duba kumatunsa a fitar da abincin da ya ɓoye. Ba a hana shi ci kafin allura, don ba ya amai.