Manoman Punjab sun haddace lokacin wucewar tauraron ɗan adam

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, manoman jihohin Punjab da Haryana na Indiya kan cinna wa karan shinkafar da ya rage a gona wuta, iska kuma ta kwashi hayaƙin ta sauke shi a Delhi. Hukumomi na ƙirga waɗannan wutace daga sama, da hotunan taurarin ɗan adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. A wannan lissafi, Punjab ta sauko daga wuta sama da 70,000 a 2021 zuwa kusan 11,000 a 2024, jami'ai suka yi ta bugun ƙirji. Sai ga shi ranar 18 ga Nuwamban 2024 ma'aunin gurɓatar iska a Delhi ya kai 494, alhali iyakarsa 500 ce, har aka hana yara zuwa makaranta.

Gaskiya ne motoci da masana'antu da ƙurar gine-gine na da nasu kaso. Amma akwai lauje cikin naɗi a ƙidayar kanta. Taurarin da ake dogaro da su zagaya duniya suke yi, kowanne da lokacin wucewarsa: Terra da hantsi, Aqua da Suomi NPP wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Wutar da aka kunna bayan sun gifta, ta ci ta mutu kafin su dawo, ba ta shiga littafi. Wani masani a NASA, Hiren Jethva, ya duba hotunan tauraron Koriya ta Kudu, GEO-KOMPSAT-2A, wanda ke tsaye wuri guda yana ɗaukar hoto duk minti 10, ya ga wutar na tashi ne da la'asar. Yawan hayaƙin da ake aunawa a sararin yankin kuwa bai ragu yadda ƙidayar ta ragu ba. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Indiya, ta ce a nemo bayanan irin waɗannan taurari masu tsayuwa.

Ni dai ban ɗora wa na'ura laifi ba, ba kuma zan yi gaggawar ɗora wa manomi ba. Dokar da Punjab ta kafa a 2009 don tattalin ruwan ƙasa ta jinkirta dashen shinkafa, girbi ya koma baya, tazarar da ke tsakaninsa da shukar alkama ta matse zuwa 'yan makonni. Injin girbi yakan bar kara tsaye, hayar injin da ke shuka cikin karan kuma kuɗi ne. Ashana ta fi araha. Da gwamnati ta ninka tara a 2024, har rupi 30,000 ga mai gonar da ta haura eka 5, ba ta sauya wannan lissafi ba. Lokacin kunna wuta kawai ya sauya. Jami'in da ake auna ƙwazonsa da raguwar jajayen ɗigon da ke nuna wuta a taswira ma ba shi da dalilin tonawa.

Mu ma da ke fama da ƙonar daji duk hunturu, idan za a bibiye ta daga sama, taurarin Meteosat na tsaye saitin Afirka suna ɗaukar hoto duk minti 10 zuwa 15. Da su ya kamata a fara, kuma a riƙa auna hayaƙin da tabon ƙunar da ya rage a ƙasa tare da ƙidayar wutar.