Kafin ka sayar da Tesla ka koma Taycan ko EQS, fara duba bangon garejinka

Jama'a, maganar da nake so a fahimta ita ce: canza motar lantarki ta alfarma ba irin canza motar fetur ba ne. Wanda ya ajiye Lexus ya ɗauki Mercedes, gidan mai ɗaya za su ci gaba da shiga, bakin famfo ɗaya. A motar lantarki kuwa, idan ka sauya kamfani ka sauya filogi, ka sauya cajar gida, ka sauya manhajar waya, ka sauya mai gyara, har yadda ƙafarka take taka birki sai ya sauya. Mafi yawan masu nadama ba motar ce ta ba su kunya ba, sun fara lissafi ne daga kujera da allo, alhali daga soket ya kamata a fara.

Mu ɗauki abin da ya fi faruwa: mai Tesla Model S, motar da ta fito tun 2012, ya gaji da ƙarar iska da ƙarancin ƙawa a ciki, yana hangen Porsche Taycan ta 2019 zuwa sama, ko Mercedes EQS ko Lucid Air, waɗanda duka suka shigo kasuwa a 2021. Dalilinsa yana da kyau. EQS ta fi Model S shiru da laushi, Taycan ta fi ta riƙe hanya a kwana. Ban ga laifin mai son wannan ba.

To amma filogi. Duniya ba ta haɗu a kan guda ɗaya ba. Tesla ta Amurka tana da nata, wanda aka sa wa suna NACS a Nuwamban 2022. Taycan, EQS da Lucid Air da aka sayar a Amurka a shekarun farko CCS1 suke da shi, wanda samansa shi ne J1772 na cajin gida. Na Turai CCS2 ne, samansa Type 2. Na Sin kuma GB/T, mai ramuka biyu daban, ɗaya na gida ɗaya na caji mai sauri. Ma'ana, Taycan biyu masu launi ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya daga Jamus ɗaya daga Amurka, ba za su sha wuta a caja ɗaya ba sai da adafta. A nan ne mutane suke zubar da kuɗi, domin adafta iri biyu ce. Wadda take haɗa cajar bango ta Tesla da motar J1772 ta wutar gida ce kawai. Wadda take haɗa Supercharger, wato tashar caji mai sauri ta Tesla, da motar CCS1 ta caji mai sauri ce kawai. Kamanninsu ya yi kusa, amma cikinsu daban, kuma ɗaya ba ta aikin ɗaya. Don Allah kar a sayi mai arha marar suna: wutar da take bi ta cikin adaftar caji mai sauri tana kai ɗaruruwan amp, idan ƙarfen bai zauna daidai ba zafi yake yi ya narkar da bakin cajin motar, gyaran nan kuma ba ƙarami ba ne.

Har wurin da bakin cajin yake a jikin mota yana da muhimmanci. Na Tesla yana baya ta hagu, kuma don shi aka auna tsawon wayar Supercharger. Na EQS yana baya ta dama, na Lucid Air gaba ta hagu, na caji mai sauri a Taycan kuma gaba ta dama. Idan cajarka tana manne a bango inda ta dace da Tesla, ɗauki awo ka gwada ko wayar za ta kai, kafin motar ta iso.

Abu na biyu shi ne wanda talla ba ta bayyanawa: ƙarfin batir. Model S da EQS ta shekarun farko suna kan tsarin 400V, Taycan tana kan 800V, Lucid Air ta haura 900V. Taycan ta farko tana jan kilowat 270, wadda aka sabunta a 2024 tana kai 320, daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18. EQS mai 400V tana tsayawa a 200, kusan minti 31. Waɗannan lambobi gaskiya ne, amma na Taycan suna da sharaɗi: sai cajar ita ma mai 800V ce. Idan ka kai Taycan ta farko caja mai 400V, dole na'urar da ke cikin motar ta ɗaga wutar, kuma wadda take zuwa da ita daga kamfani kilowat 50 kawai take iyawa, sai idan mai motar na farko ya biya an sa mai 150. Lucid Air ma a Supercharger irin V3 kusan 50 take ja, alhali Model S a wannan cajar tana iya jan 250. Wato mutum ya bar mota mai caji da sauri ya koma wadda a takarda ta fi sauri, ya ƙare yana zaman sama da awa ɗaya inda a da yake minti talatin. Saboda haka duk mai sayen Taycan ta hannu, ya nemi takardar kayan da aka sa mata ta lambar shasi, ya ga ko akwai wannan na'ura mai 150. A ganina ta fi fatar kujera muhimmanci nesa ba kusa ba.

Akwai kuma shirya batir. Motocin nan sukan ɗumama ko su sanyaya batir kafin a isa wurin caji, amma sai ka sa wurin a taswirar motar kanta. Mai Tesla ya saba wannan yana faruwa bai sani ba. Da ya koma Porsche ko Mercedes ya samu CarPlay, wato manhajar da take nuna abin da ke wayar iPhone a allon mota, abin da Tesla ta shekara da shekaru ba ta sa ba, sai ya riƙa bin taswirar waya. Motar ba ta san inda za shi ba, batir bai shirya ba, caji ya yi nauyi, a ɗora wa mota laifi.

Ga masu shigo da irin waɗannan motoci Abuja, Kano ko Yamai, maganar caji mai sauri ma ta biyu ce, domin kusan duk cajinka a gida zai kasance. Wutarmu 230V ce. A layi ɗaya da amp 32 za ka samu kilowat 7.4, wato cika batir mai yunit 100 daga kashi 20 zuwa 80 zai ci kusan awa tara idan an haɗa da asarar kusan kashi 10. Da soket na ɗaki kuwa sai ya haura kwana guda. Motar Amurka layi ɗaya take karɓa, ko da gidanka yana da layi uku ba za ta amfana ba. Motar Turai ita ce take jan kilowat 11 a layi uku, amp 16 kowane layi, kuma idan ka ba ta layi ɗaya wasu sukan sauka zuwa 7.4, wasu har 3.7. Wanda ya sauya daga ta Amurka zuwa ta Turai, to cajar bangonsa ma ta tashi aiki. Mai haɗa wuta ya ja layi na musamman daga allon rarraba wuta, waya mai kauri 6mm² idan kusa ne, 10mm² idan da nisa, bireka mai amp 40, da na'urar kariya daga yoyon wuta, irin Type B, ko Type A idan cajar tana da nata mai gano yoyon 6mA. Sai kuma wayar ƙasa. Caja tana duba ta kafin ta saki wuta, shi ya sa sau da yawa mota take ƙin caji a janareta ko inbata: ba lalacewa ta yi ba, ba a haɗa nutural da ƙasa yadda ya kamata ba. Kuɗin wuta kuwa, a farashin naira 225 da hukumar kula da lantarki ta Najeriya, NERC, ta sa wa Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, yunit 60 da asararsa bai kai naira 15,000 ba. Wannan ɓangaren bai bambanta sosai tsakanin motocin ba, sai dai Taycan ta fi Model S da Lucid shan wuta a kowace kilomita.

Lambar nisan tafiya kada ta ruɗe ka. Amurka tana auna da EPA, Turai da WLTP, Sin da CLTC, kuma mota ɗaya za ta nuna lamba uku daban, ta Sin ta fi kumbura. Kwatanta EPA da EPA.

Yanzu batir, wanda shi ne rabin kuɗin motar. Garantin Model S shekara 8 ne ko kilomita 240,000, na Taycan shekara 8 ko 160,000, na EQS shekara 10 ko 250,000. Amma garanti yana da yanki. Motar da aka sayar a Amurka aka loda ta a jirgi zuwa Legas ko Kwatano, kar ka ɗauka alƙawarin ya biyo ta. Ka tambayi wakilin kamfanin a rubuce. A nan ne ma nake ganin hujja mafi ƙarfi ta barin Tesla ga mazaunin Najeriya: ba ta da wurin gyara nata a ƙasar, alhali Porsche tana da cibiya a Legas, Mercedes ma tana da wakili. Duk da haka a tambaye su kai tsaye ko suna da makaniken da aka horar kan batir mai babbar wuta, kuma ko za su karɓi motar da ba ta hannunsu ta shigo ba. Idan motar gwanjo ce ta haɗari ko ambaliya, shawarata a bar ta, komai arharta. Ruwan da ya shiga batir ba ya nuna kansa ranar farko.

Kafin a biya, a auna lafiyar batir, ba a kalli abin da allo ya ce ya rage ba. Tesla tana da gwaji a cikin sashen masu gyara na allonta, wanda yakan ɗauki har awa 24 motar tana jone da caja. Ka yi shi kafin ka sayar da taka, domin sakamako mai kyau yana ɗaga farashi. Porsche da Mercedes ana karanta nasu ta ramin OBD2, inda ake jona na'urar binciken mota, ko da kwamfutar wakili. Sannan a sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, idan motar Amurka ce. A 2024 Porsche ta yi kiranyen Taycan sama da 27,000 a can, wato a mayar da su a gyara, saboda yiwuwar gajeren haɗi a cikin batir, har aka ce wa wasu masu motar kar su yi caji ya wuce kashi 80. Dole ka san ko an yi wa taka aikin.

Sayar da tsohuwar ma yana da ƙa'ida da ake mantawa. Motar nan tana ɗauke da adireshin gidanka, lambobin wayarka, da katin bankin da take cire kuɗin caji. Cire makullin waya, mayar da allo yadda ya fito daga kamfani, zare filashin da ke ajiye bidiyon kyamara, sannan ka saki motar daga asusunka a manhaja. Haka kuma idan kai ne mai saye: muddin mai motar na farko bai sake ta daga asusunsa na Porsche ko Mercedes ba, yana iya ganin inda take, kai kuma ba za ka iya haɗa ta da wayarka ba. A yi wannan a gaban juna kafin kuɗi ya gama fita. Kuɗin da ka biya na FSD, manhajar Tesla mai taimaka wa tuƙi, kuma ba zai bi ka zuwa wani kamfani ba, ka sa shi cikin asara tun farko.

Sai ƙafa. Wannan nake ji wa tsoro fiye da komai. A Tesla, da ka ɗaga ƙafa daga totur motar take rage gudu da ƙarfi har ta tsaya. Taycan ba haka take ba: ka ɗaga ƙafa sai ta ci gaba da sulalewa, sai ka taka birki sannan take mayar da wuta cikin batir. Wanda ya shekara uku yana tuƙi da feda ɗaya, a makon farko zai tunkari danja yana jiran mota ta rage gudu da kanta, ita kuwa tana tafiya da nauyin sama da tan biyu. EQS tana da maɓallai bayan sitiyari da ake zaɓar ƙarfin rage gudun. A samu fili babu mutane a saba, kuma idan akwai direba ko uwargida da za su tuƙa, su ma a kai su.

Taya da ƙasa su ne kashe kuɗi na yau da kullum. EQS ta kusa tan biyu da rabi. Tayoyinta masu alamar MO ne, na Taycan NF0, na Tesla T0 ko T1, kuma tayar gaba da ta baya a Taycan ba girma ɗaya ba ne, ba a musanya su. Babu safaya a ko ɗaya. Rim mai inci 21 yana da kyau a ido, amma a hanyar da ke da ramuka inci 19 ko 20 ya fi, domin robar ta fi kauri, kuma batir yana shimfiɗe ne a ƙasan motar. Ka tabbata tana da shokoziba mai iska da ake ɗaga mota da shi, ka gwada ta a tudun ƙofar gidanka.

Game da farashi, Taycan da EQS suna faɗuwa da sauri a kasuwar hannu, Tesla ma ta faɗi bayan rage farashin da kamfanin ya yi ta yi a 2023. Don haka mai canzawa ya fi cin riba idan ya ɗauki mai shekara biyu ko uku wadda garantin batirinta bai ƙare ba. Kuma kar ka miƙa makullin tsohuwar sai sabuwar ta kwana a garejinka tana jone, ka tashi da safe ka ga ta kai kashi 80 ba tare da bireka ya faɗi ba.