Ku bar mana marasa lafiyarmu da kuɗin adashin matanmu

Wai har yaushe za mu zuba ido ana shiga gidajenmu ana yi mana wannan cin amana? Kusan duk unguwar da ka leƙa yanzu akwai mai yawo da jaka cike da robobin wani abin sha da ake cewa yana maganin komai. Ciwon suga, hawan jini, gyambon ciki, basir, sanyi, rashin haihuwa, har da ciwon daji, wai duk roba ɗaya ce ke kawar da su. In ka tsaya ka saurara, ba a jimawa ana zancen lafiya sai a gangaro kan abin da ya kawo su: ka yi rijista, ka kawo mutum biyar a ƙarƙashinka, su ma kowa ya kawo nasa, kai kuma ka miƙe ƙafa kuɗi na shigo maka kana barci.

Ƙanwata ta faɗa hannunsu ne ta hanyar wata ƙawarta ta Islamiyya. Aka gayyace ta taro a wani otal, ga kiɗa, ga tafi, ga wani saurayi cikin kwat yana kaɗa makullin mota yana nuna hotunansa na Dubai. Kuɗin adashin da ta kwasa don ta sayi keken ɗinki, su ta zuba ta yi rijista. Yau in ka shiga ɗakinta ka ɗaga zanin gado, katan-katan ne jere a ƙarƙashi, ƙura ta hau su, wasu kwanan watan lalacewarsu ya kusa. Dangi sun saya sau ɗaya don kunya, ba wanda ya sake. Wa zai bar cefanen gidansa a wannan tsadar ya sayi ruwan da kuɗin roba ɗaya ya fi na kwanon shinkafa? Ga shi kuma dole duk wata ta ƙara sayen kaya, in ba haka ba makinta ya zube, ɗan kamashon da take jira ya bi ruwa. Da ta kai kuka wurin wadda ta shigar da ita, amsar da ta samu ita ce: "Haba ƙawata, ke ce ba ki dage ba. Mai nema yana tare da samu, ki ƙara kawo mutane." Wato asarar ma laifinta ne.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na goggonmu. Shekara da shekaru tana fama da ciwon suga, tana shan maganinta, tana zuwa awo. Wani yaro a layinsu ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce: "Goggo, ki ajiye ƙwayoyin Bature nan, su ne ke cinye miki ƙoda. Wannan na itatuwa ne zalla." Ta ajiye. Ruwan da ya sayar mata kuwa zaƙi gare shi, ko ɗanɗanawa ka yi ka san abin da ke ciki. Sai da aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti, suga ya hau, wani ɗan ƙurji a ƙafarta ya zama gyambo. Yaron nan bai taɓa zama a ajin koyon aikin lafiya ba, an dai haddace masa magana a taro an sako shi cikin mutane. Da rai ake wasa a nan, jama'a.

Da ka ɗaga murya sai su zaro takardu. Ga shaidar CAC, ga lambar NAFDAC, me kuma kake so? To, CAC rijistar kamfani take yi, ba ta bin diddigin yadda kuɗi ke zagayawa tsakanin na sama da na ƙasa. Lambar NAFDAC a kan irin waɗannan kayan na ganye kuwa ba shaidar warkarwa ba ce, shi ya sa hukumar ke wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa ba ta tantance iƙirarin da ake yi ba. Ku juya robar ku karanta ƙananan rubutun. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ma ta hana a tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da cututtuka irin su suga, hawan jini da daji. Amma kullum ga su a WhatsApp da Facebook, har da gidajen rediyo, suna faɗa ba tsoro ba fargaba.

Ba na cewa duk kamfanin da ke sayar da kaya ta hannun wakilai ɓarawo ne. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kuɗin da ake biyan na sama, daga ina suke fitowa? In daga mutanen waje ne, masu saye don suna son kayan, su sha su dawo su ƙara, wannan ciniki ne. In kuwa daga rijistar sababbin shiga ne da kayan da ake tilasta wa 'yan ciki su saya duk wata, to robar nan rufa ido ce kawai, kuɗin na ƙasa ake kwasa ana miƙa wa na sama. A Amurka, inda wannan salon ya samo asali, da wannan ma'aunin ake kama su. A 2015 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta maka kamfanin Vemma a kotu, mai sayar da irin wannan abin sha, wanda ya fi farautar ɗaliban jami'a. A 2016 Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200, aka kuma tilasta masa ya riƙa biyan wakilansa gwargwadon abin da aka sayar wa masu saye na gaskiya.

Lissafin ma bai da wuya. In kowa zai kawo biyar, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125. A hawa na 12 kaɗai ana bukatar sama da mutum miliyan 244, fiye da al'ummar Nijeriya baki ɗaya, da jarirai da tsofaffi. Ke nan tun ranar da aka kafa tsarin an san cewa mafi yawan masu shiga a ƙasa za su ƙare, kuma daga aljihunsu motar wancan mai kwat ta fito. Mun ga tsare-tsaren damfarar zuba kuɗi irin su MMM da ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Bambancin kawai shi ne waɗancan ba su ba ka roba ka riƙe ba.

Kuma ku duba waɗanda suke zaɓa. Matan aure da ke neman sana'ar cikin gida, matasan da suka gama bautar ƙasa ba aiki, zawarawa masu marayu. Suna shigowa da sallama da rantsuwa da sunan Allah, suna cewa taimakon juna ne. Ba baƙo suke sa ka kawo ba, uwarka da ƙanwarka da maƙwabcinka suke so, don su ne ba za su iya ce maka a'a ba. In abin ya rushe kamfani ya naɗe tabarmarsa, ku kuma a bar ku da gaba a gidan biki da gidan suna.

Duk wanda ya zo muku da jakar nan, ku ce ya nuna muku a rubuce abin da yawancin wakilai ke samu a wata bayan an cire kuɗin kaya da na mota da na kati, ba abin da mutum ɗaya na can ƙoli ke samu ba. Ku tambaye shi ko kamfani na karɓar kayan da ba su sayu ba ya mayar da kuɗi. Ku tambaye shi mutum nawa ne suka saya a wurinsa sau biyu ba tare da sun yi rijista ba. Za ku ga ya fara kame-kame.

Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ga masu tsarin damfarar kawo-wani-a-biya-ka. Muna son mu ga an yi aiki da ita. Jami'an SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, da na NAFDAC su shiga dakunan taron nan na otal-otal, don ba a ɓoye ake yin su ba, har da lasifika. Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin talla suna barin wani ya ce wa mai ciwon suga ya jefar da maganinsa, su ma a kira su su yi bayani.